Gudu kaɗai ba ya sa risiba ya yi fice a NFL

Mutane da yawa suna ɗauka wai duk risiba (ɗan wasan da ake jefa wa ƙwallo ya cafke) da ya fi gudu a gwajin tseren yadi 40 da ake yi wa sababbin 'yan wasa shi zai fi cafke ƙwallo a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wallahi ba haka bane. A 2017 John Ross ya yi shi a sakan 4.22, ƙungiyar Bengals ta ɗauke shi na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa, rauni ya hana shi sakat. Shekarar nan dai Cooper Kupp ya yi 4.62, sai a zagaye na uku na zaɓen ƙungiyar Rams ta ɗauke shi, amma a kakar 2021 ya tara yadi 1,947 ta hanyar cafke ƙwallo har ya zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Abin dubawa shine yadda mutum ke yanke hanya ya zille wa mai tsaronsa, da hannun da ƙwallo ba ta suɓuce masa.