Zakaran Jauro da Kajin Kanada

Sanyin Janairu, da sassafe, a wata fadar shan shayi kusa da Kasuwar Dole a Damagaram. Babarbare na kurɓar shayi sai ga Bafulatani ya rufu da bargo, zakara a hammata.

Babarbare: Bawana, nawa wannan abin tausayin?

Bafulatani: Gaida ubangidanka tukuna. Jaka biyar.

Babarbare: Jaka biyar ga zakaran da ke karkarwa? Zo ka ga kajin ƙwarai. Ɗana ne ya aiko hotonsu daga wajen Monreyal, can Kanada.

(Ya miƙa masa salula. Bafulatani ya riƙe ta a kife, mai shayi ya juya masa.)

Bafulatani: Subhanallahi! Wa ya ɓarar da garin tuwo haka a tsakar gida?

Babarbare: Dusar ƙanƙara ce, baƙauye. Daga sama take zubowa. Can sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ga kaji kuma sake suna yawo. Naka a digiri 14 har an lulluɓe shi.

Bafulatani: Ni ke karkarwa, shi ke ɗuma ni.

Mai shayi: Nan kam Jauro ya yi gaskiya. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, ya fi na mutum. In ta buɗa gashi ta tare iska a ciki, ta gama da sanyi.

Bafulatani: Ka ji. To ita waccan me ya tsayar da ita bakin akurki, ƙafa ɗaya a sama?

Babarbare: Tunani take.

Bafulatani: Tsoro take. Kalle ta, ta ƙi taka ƙasa.

Babarbare: To, ba sa son taka ƙanƙarar. Sai an share musu hanya da shebur, an shimfiɗa ciyawa, kana su fito.

Bafulatani: A share wa kaza hanya? Sarkin Damagaram ce? In ta fito me za ta tona?

Babarbare: Ba abin tonawa, ƙasa ta daskare, ƙwari sun ɓace. Sai a watsa musu masara da marece. Ruwan shansu ma ƙanƙara yake zama, sai an sa kwano mai ɗumi da lantarki.

Bafulatani: Ruwan ɗumi. Masara. Lantarki. Ɗan naka yana wa kaji bauta ke nan, gadon gida.

Babarbare: Rufe mini baki! Ilimi ne. Ya ce laima ta fi sanyin illa. In aka toshe akurki ruf, tururin numfashinsu da na kashinsu ya sauka kan zanko ya daskare, sai zankon ya yi baƙi, yatsu ma haka. Dole a bar kafa ta sama.

Bafulatani: Bayan duk wannan hidima, ƙwai nawa?

Babarbare: (ya yi ƙasa da murya) Da sanyi suna rage yi. Yini gajere ne, kaza kuwa tana son hasken awa 14. Sai an kunna musu fitila.

Bafulatani: Kawo ɗaya nan watan Afrilu. Kafin ta kai unguwar Birni daga Zango ta gasu, yaji kawai za a nema.

Mai shayi: Ni fa ban ga zakara ko ɗaya a ciki ba.

Babarbare: An hana. Garuruwa da yawa can sun yarda da kaza amma ban da zakara, wai cara na damun maƙwabta.

Bafulatani: Kaji ba miji? Wa ke tashin ɗanka asuba?

Babarbare: Salula. Kai dai karɓi jaka uku mu rabu lafiya.

(Bafulatani ya mayar da zakara cikin bargo, ya leƙa dama da hagu.)

Bafulatani: Yi a hankali, kar a ji. Kai da bakinka ka ce Turawa sun haramta shi. Kayan da aka haramta ba a sayar da su haka a fili.

Babarbare: To nawa?

Bafulatani: Jaka goma. Kuma kai za ka biya shayi.