Haddar gwanin ces a kan allo take tsayawa

Iyaye da malamai na nan Kebbi, masu son a koya wa yara ces, wato darar Turawa, don haddarsu ta ƙaru: a koya musu, wasa ne mai kyau. Amma kada a sa ran zai sa yaro ya riƙe darasin tarihi.

A wani bincike da aka wallafa a 1946, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Holan, Adriaan de Groot, ya riƙa nuna wa 'yan wasa allo na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauke, a ce su mayar da 'ya'yan inda suke. Manyan gwanaye sun mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 daidai. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka sake gwajin a Amurka, kallon daƙiƙa 5. Daga 'ya'ya kusan 25, gwani ya tuna kimanin 16, ɗan koyo kimanin 4. Sai suka barbaza 'ya'yan barkatai, yadda wasan gaske ba ya taɓa kaiwa. Nan gwani ya dawo kusa da ɗan koyo.

Dalili kuwa, gwani ba ɗaya-ɗaya yake kallo ba, rukuni-rukuni yake gani. Sarki a kusurwa, sojoji uku a gabansa, hasumiya a gefe: 'ya'ya biyar ne, amma a wurinsa abu guda ne da ya gani sau ba adadi. An ƙiyasta gwani na ɗauke da irin waɗannan rukunai wajen 50,000. Haka tsofaffin 'yan dara a Zuru suke, akuya ta watsa wasa, su mayar da kowane ɗa gurbinsa suna ta gardama, amma wannan bai sa sun haddace lambar waya ba.

Mai koyarwa, tanadi allo biyu. Jera matsayi daga wasan gaske, 'ya'ya 20 zuwa 25. Yaro ya kalla daƙiƙa 5, ka rufe da mayafi, ya jera a allo na biyu. Ƙirga waɗanda suka dace, sannan ka tambaye shi wane ɗa ke tsaron wane, wane ke kai hari. Tambayar ce aikin. In aka tsallake ta, zane kawai yaro ke haddacewa, gobe ya manta. Shi ya sa masu haddace matakan buɗe wasa goma sha biyar ba su san dalilinsu ba ke rikicewa da zarar abokin karawa ya kauce a mataki na shida.

Ita ma ƙwarewar tana da tarko. A 2008 Merim Bilalić da abokan aikinsa sun ba gwanaye matsayi mai mafita biyu, sananniya mai mataki biyar da baƙuwa mai mataki uku. Da yawa suka tsaya kan sananniyar. Sun ce suna neman wadda ta fi, amma na'urar bin motsin ido ta nuna gidajen allo na sananniyar mafitar suke ta komawa kallo. Saboda haka a saba wa yaro, in ya ga mataki mai kyau, kada ya taɓa ɗa sai ya ambaci wasu biyu da bakinsa.