Rashin sha'awa ciwo ne, a daina yi mana dariya a asibiti

Jiya da sassafe na hau motar haya ta trotro daga unguwar Aboabo a Kumasi, na bi layin asibiti har rana ta take, don in gaya wa likita abin da na daɗe ina haɗiyewa: tun da na haihu sha'awata ta ɗauke, maigida har ya fara zargin na daina sonsa.

Nas ɗin da ke auna jini ta tambayi abin da ya kawo ni. Na sunkuya na raɗa mata. Ta ajiye biro, ta ƙare mini kallo daga mayafi har silifa, sannan ta ɗaga murya da yaren Twi: "Hajiya, mutane na fama da zazzaɓi, ke wannan ne ya hana ki barci?" Ta juya ta maimaita wa abokiyar aikinta, suka kwashe da dariya. Ga maza 'yan unguwarmu zaune a benci suna ji. Na ce, "Madam, likita na zo gani." Ta ce in je in sayi kayan mata, ai mu 'yan zango mun fi kowa saninsu. Wallahi da ƙyar ƙafafuna suka kai ni ƙofa.

Wadda ta yi karatun jinya ba ta san shayarwa na rage sha'awa ba? Ba ta san ciwon suga, hawan jini, ciwon damuwa, ɗaukewar al'ada, har wasu magungunan da su da kansu suke miƙa mana, duk suna jawo wannan ba? Maza ma suna fama da shi, kunya ce ta rufe musu baki.

Irin wannan wulaƙanci ne ke tura mutane hannun masu tallan kwalaben magani a kasuwar Kejetia da cikin mota. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Ghana ta sha gargaɗi cewa ana cusa sildenafil, sinadarin Viagra, a wasu magungunan da ake kira na gargajiya. Shi kuwa jini yake turawa, ba ya dawo da sha'awa, kuma mai shan wasu magungunan zuciya zai iya halaka da shi.

Tun 2003 aka kafa NHIS, shirin inshorar lafiya na ƙasa, muna sabunta kati, amma ɗakin da mace za ta faɗi damuwarta a sirrance ya gagara. Gwamnati ta bar mu da masu tallan magani da lasifika, malamanmu sai dai su ce mace ta yi haƙuri ta yi biyayya. Aure na mutuwa a zango saboda abin da gwajin jini da likita mai kunnen saurare za su iya ganowa. Ma'aikatar lafiya, wa zai hukunta nas ɗin da ta tona asirin mara lafiya a bainar jama'a?