Aikin namun daji ba ɗaukar hoto da zaki ba ne

Duk sanda matashi ya ce zai karanci kimiyyar namun daji, abin da ke kansa shi ne mota a tsakiyar daji, kamara a wuya, zaki na hamma a gefe. Laifin talabijin ne wannan. Aikin gaskiya ƙirga ce da jira. Jane Goodall, shahararriyar mai binciken birai, ta isa dajin Gombe na Tanzaniya a 1960, sai da ta yi watanni biran chimpanzee na hango ta suna arcewa kafin su bari ta matso, kuma ita ce fa wadda ta dace.

Ni a ganina wanda ke son ya ci abinci da wannan fanni ya leƙa ɓangaren injiniyancin muhalli, wato inda ake haɗa gini da ɗabi'ar halittu. Dubi gandun Banff a Kanada. Babban titi ya ratsa dajin, motoci na ta banke dabbobi, sai aka katange titin aka gina musu gadoji ta sama da hanyoyi ta ƙasa, aka zuba ƙasa a kan gadar aka shuka itatuwa har ta koma kamar daji. To wa zai tabbatar dabbobin na bi? Masu bincike ne suka riƙa baza yashi a bakin hanyar, su dawo su karanta sawu, su share, su sake dawowa, shekara da shekaru, daga baya aka ƙara da kamarori masu ɗauka da kansu. Da haka aka gano wasu dabbobin, irin su beyar, wato wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi da ake kira bear da Turanci, sai sun ɗau shekaru kafin su saba da gadar. Injiniya shi kaɗai ba zai san wannan ba, masanin dabba kuma bai iya lissafin nauyin kankare ba.

Shi ya sa nake mamakin ɗaliban da ke gudun lissafi su faɗo nan. Wallahi lissafin na nan yana jiran su, ga taswirar kwamfuta ta GIS, ga manhajar R ta lissafin alƙaluma, ga dubban hotunan kamara da rabinsu iska ce kawai ta kaɗa ciyawa.

Kujerun dindindin kuma ba su da yawa, galibi kwantiragi ne na kaka ɗaya ko biyu, kuɗin tallafi ya ƙare aiki ya ƙare, sai a koma rubuta takardar neman wani.