Girman harshen wuta ba shi ne zafin tanderu ba

Wasu masu gasa tukwane da tanderun gas suna ɗauka cewa bona mai kyau, wato bututun da ke hura wuta, ita ce mai fitar da doguwar wuta ja tana ruri. Ba haka ba ne. Wuta ja ko rawaya alama ce iska ta yi ƙaranci: gas ɗin bai ƙone duka ba, sai hayaƙi da iskar guba da ba ta da wari, zafi kuwa ya tsaya cak.

Ingancin bona yana ga yadda take janyo iska ta gauraya da gas kafin ya kama. Shuɗiyar wuta gajera ta fi saurin kai tanderu digiri 1200 zuwa 1300 a ma'aunin Celsius da tangaran mai ƙarfi ke buƙata. Ƙaramin ramin da gas ke fita ma da bambanci. Ramin bonar gas ɗin silinda ya fi na bonar gas ɗin da ake turowa daga nesa ta bututu ƙanƙanta.

Wani lokaci ma bona ba ta da laifi. In aka ja gas da yawa, silinda na yin sanyi har ta yi raɓa, ƙarfin gas ya faɗi. Sai a duba ta da mafitar hayaƙi tukuna.