Lissafin tsofaffi masu ciwon ido: Kumasi da Kano

Mai son sanin tsofaffi nawa ne za su nemi maganin ido nan da shekara goma, sai ya fara sanin yawan tsofaffin kansu. A nan Ghana ta sha gabanmu. An yi ƙidaya a 2021, aka samu mutum miliyan 30.8, masu shekara 60 zuwa sama kusan miliyan 2. Mu a Najeriya rabonmu da ƙidaya tun 2006, don haka mai tsara aikin asibiti a Kano ko Katsina da kirdado yake farawa.

Cututtukan dai ba su bambanta ba. Binciken Ghana na 2015 ya ɗora fiye da rabin makanta a kan yanar ido, hawan jinin ido kuma kusan kashi 19. Na Najeriya, tsakanin 2005 da 2007, ya ce kashi 43 da kusan 17.

Inda lissafi ke rushewa a ƙasashen biyu shi ne a haɗa waɗannan cututtuka a layi ɗaya a kira su "marasa lafiyar ido". Yanar ido aikin yini ɗaya ce. A auna ido, a cire yanar cikin kamar minti ashirin, a sa gilashin roba a ciki, mutum ya dawo duba sau biyu ko uku, shi ke nan sai ɗaya idon. Lissafinta mai sauƙi ne: mizanin da aka daɗe ana nema wa Afirka shi ne aiki 2,000 ga kowane mutum miliyan a shekara, wato Ghana tana buƙatar sama da 60,000.

Hawan jinin ido kuwa ba a sallamar mai shi. A ɗauka asibiti yana karɓar sababbi 10 a mako, kusan 500 ke nan a shekara. Kowannensu zai riƙa dawowa bayan wata uku don auna matsin ido, yana ɗiga maganin timolol safe da yamma ko latanoprost da dare har ƙarshen rayuwarsa. Bayan shekara 5 sun doshi 2,500, zuwansu ya doshi 10,000 a shekara, alhali likitocin su ne dai na jiya. Binciken da aka yi a garin Tema na Ghana ya gano cutar a kusan kashi 7 na masu shekara 40 zuwa sama, akasarinsu ba su san suna da ita ba, don ba ta ciwo, daga gefe take cin gani.

Sai kuma batun waɗanda ba sa zuwa. A Ghana inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa mai shekara 70 kuɗin shekara, kuma cire yana na cikin abin da take ɗauka. Duk da haka tsohuwa a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, ga babban asibitin Komfo Anokye kusa da ita, za ta zauna a ɗaki ana cewa tsufa ne, ko don babu jikan da zai bar kasuwa ya raka ta. A Arewacin Najeriya abin ya fi haka: a binciken Najeriya na 2005 zuwa 2007, fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa wa yana a faɗin ƙasar masu aikin gargajiya da ke tura yanar da tsinke ne suka yi su, kuma babu rajistar da ta san da su.

Aikin ido kyauta da masu hali ke ɗaukar nauyi a Arewa alheri ne, amma yana rikita alƙaluma. Jama'a na jiran sanarwa, rajista ta yi wata shida shiru, mako guda kuma ta cika. Wanda ya gina hasashe a kan wannan littafi, yawan masu taimako ya auna, bai auna yawan masu cuta ba.

A ganina daga ƙidayar unguwa za a fara, a ninka da yawan cutar a kowane rukunin shekaru, sannan a raba kasafi biyu: gilashin roba da ranakun tiyata ga yana, kwalaben magani da ranakun dawowa ga hawan jinin ido. Masu ciwon suga kuma a ba su layinsu daban, don kowannensu yana buƙatar duba bayan ido sau ɗaya a shekara ko yana gani garau.