Fim da manhaja ba za su maye gurbin kakar Ojibwe ba

Tun da aka haska fim ɗin Star Wars cikin harshen Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka da Kanada, a birnin Winnipeg na Kanada, a watan Agustan 2024, nake cin karo da rubuce-rubucen da ke shelar cewa harshen ya tsallake rijiya da baya. Irin wannan guɗa aka yi lokacin da al'ummar Ojibwe ta Mille Lacs da ke jihar Minnesota a Amurka ta haɗa hannu da kamfanin Rosetta Stone aka saka darussan harshen a manhaja. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ni da ja da dattawan da suka zauna gaban na'ura suka ba da muryoyinsu, sun yi iya ƙoƙarinsu da sauran ƙarfin da ya rage musu. Rigimata da masu tafi daga nesa ce, waɗanda suka ɗauki harshe tamkar hatsi, a zuba a rumbu a liƙe a tafi barci.

Duk mai wannan tunani ya je ya karanta tarihin Maude Kegg, wata dattijuwar Ojibwe. An haife ta a 1904 a arewacin Minnesota, ta rasu a 1996. Ba ta san ranar haihuwarta ba, abin da aka faɗa mata shi ne a lokacin girbin shinkafar ruwa aka haife ta, wadda suke kira manoomin. A hannun kakarta ta tashi, kuma a cikin aiki ta sha harshen. Mutum biyu ke shiga kwalekwale, ɗaya yana tuƙi da gora, ɗaya yana lanƙwaso karan shinkafar da sanda yana kaɗe ƙwayar da wata sandar tana zuba cikin jirgi. A shanya, a soya sama-sama a tukunya, a tattake da ƙafa, a sheƙe da faifan ɓawon itace. Kowane mataki da kalmarsa, da gargaɗinsa, da faɗan da kaka take yi wa yarinya idan ta karya kara. Idan sanyi ya fara ja da baya a koma daji tatsar ruwan itacen da ake dafawa ya zama sukari. Tatsuniyoyinsu masu tsarki kuwa ba a yin su sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar yadda kakanninmu suke hana tatsuniya da rana. Wace manhaja ce za ta ce wa yaro ya haƙura sai hunturu?

Da ta girma, ita ma ta zama kaka, ta yi shekaru tana yi wa baƙi bayani a gidan tarihin Mille Lacs, tana ɗinkin duwatsun ado, tana kuma zayyana wa masanin harshe John Nichols labaran ƙuruciyarta da harshenta yana rubutawa. A 1990 gwamnatin Amurka ta ba ta babbar lambar yabon da take bai wa masu sana'ar gargajiya. Duk abin da aka samu daga bakinta, wata tsohuwa ce ta zuba mata shi tun tana yarinya.

Masu cewa adanawa ita ce ceto sun manta cewa wani limamin Katolika, Frederic Baraga, ya buga ƙamus ɗin Ojibwe tun 1853. Ƙamus yana nan a ajiye harshen ya yi ta zagwanyewa. Waɗanda suka ƙudiri kashe shi ma sun fi masu tafin yau sanin inda ransa yake, shi ya sa ba su ɓata lokaci wajen ƙona littafi ba, yaro suka raba da kakarsa. Daga makarantar Carlisle da aka buɗe a Amurka a 1879 aka bazu da makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asalin ƙasa, a aske wa yaro gashi, a sauya masa suna, a dake shi idan ya yi yaren gida. Rahoton Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka na 2024 ya ƙirga makarantu 417, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu. A Kanada kimanin yara 150,000 aka kwashe. Waɗanda suka dawo da rai da yawa sun ƙi koya wa 'ya'yansu harshen, don kada su sha irin dukan da suka sha. Wannan raunin ne ake so a ce fim na awa biyu ya warkar.

Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nemi gafara kan waɗannan makarantu a watan Oktoban 2024. Watanni kaɗan bayan haka, a Maris na 2025, Donald Trump ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa da ya ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukuma. Neman gafara ba shi da tsada, ko sisi ba ya ci. Abin da ke cin kuɗi shi ne irin makarantar Waadookodaading da ke Lac Courte Oreilles a jihar Wisconsin, inda ake koyar da lissafi da kimiyya da Ojibwe tun daga ƙananan azuzuwa. A can ya kamata a zuba kuɗin, a kuma ɗauki tsofaffin da suka rage a biya su kamar malamai, a haɗa su da jarirai tun kafin su iya magana.

Mu Hausawa kada mu karanta wannan muna girgiza kai kamar bai shafe mu ba. A Bauchi da Filato da kudancin Kaduna, Hausa ce babban kifin da ke haɗiye ƙananan harsuna. Na taɓa zama a wani gida inda tsohuwa take yi wa jikarta magana da yarensu, yarinyar tana amsa mata da Hausa, uwar kuma tana tsoma baki da Turanci. Tsohuwar ta sake maimaita maganar sau biyu, yarinyar ba ta gane ba, sai ta yi shiru ta ci gaba da tsince wake.